Wa Ke Riƙe Da Makullin Famfon?

A wannan mako alƙalami ya faɗo hannunmu, mu 'yan gabashin Sakkwato, kuma za mu yi amfani da damar mu taɓa wata jumla da kunnuwanmu suka saba da ita a labaran rediyo: wai hukuma kaza za ta haɗa hannu da masu ruwa da tsaki domin samar da ci gaba mai ɗorewa. Kafin mu zargi kowa, bari mu fara da kanmu. Mu ma mun rubuta ta. Mun rubuta ta a kundin kammala difloma, mun rubuta ta a takardar sanarwa da wani babba ya ba mu kuɗin kati muka tsara masa. Jumla ce mai daɗin faɗi, ba ta ɓata wa kowa rai, kuma ba wanda zai kama ka da ita gobe ya ce ka yi ƙarya, domin ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta faɗi rana ba.

Akwai wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni inda danginmu suke. Shekarun baya kaɗan wata hukuma ta gina musu rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauki hotuna, hakimi ya yi godiya, mata suka rangaɗa guɗa. Ruwa ya zuba, kuma gaskiya an ji daɗinsa. Ba a cika shekara ba famfon ya tsaya. Da aka duba, sai aka ga matsalar tana cikin akwatin da ke sarrafa wutar, akwatin kuwa a kulle yake, makullin yana hannun ɗan kwangila a birni. Ba a koya wa ko yaro ɗaya a garin yadda ake buɗe shi ba, balle gyara. Lambar wayar da ke jikin allon sanarwa ba ta shiga. Da aka samu ɗan kwangilar ta hannun wani, sai ya ce hanya ba lafiya, ba zai zo ba, kuma wallahi ba mu ga laifinsa a kan wannan ba. Bayan wasu watanni aka wayi gari an kwance faifan solar guda biyu. Yau mata sun koma tsohuwar rijiya da ke bayan gari, suna zuwa a ayari, da hantsi, kowa idonta a kan daji.

A takardun hukumar, mun tabbata, wannan aiki yana cikin jerin waɗanda aka kammala tare da haɗin gwiwar al'umma.

To, su wane ne masu ruwa da tsakin nan? Idan ka halarci irin taron da ake kira da wannan suna a Sakkwato, za ka ga daraktoci, da 'yan siyasa, da wakilin uban ƙasa, da shugabannin wasu ƙungiyoyi da ofishinsu bai wuce jakar hannu ba. A ci abinci, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a watse. Matar da ke ɗebo ruwan ba ta nan. Manomin fadama da zai bayar da gefen gonarsa ba ya nan. Bafulatanin da shanunsa za su sha ko a hana su sha, shi ko sunansa ba a ambata. Ra'ayinmu shi ne, duk aikin da mutanen gari ba su zaɓe shi ba, ba su san kuɗinsa ba, kuma ba a bar musu ikon taɓa shi ba, to ba nasu ba ne, kuma ranar da ya lalace za su tsaya suna kallonsa kamar yadda ake kallon motar baƙo da ta mutu a bakin hanya.

Wannan magana ta fi nauyi a yankinmu fiye da wurare da yawa, saboda halin da muke ciki. Wanda bai san gabashin Sakkwato ba, bari mu tuna masa kaɗan. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A watan Disamban shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Dubban mutanenmu sun tsallaka Nijar, suna zaune wajen Gidan Rumji da wasu garuruwan jihar Maraɗi. Akwai ƙauyukan da sai sun biya haraji ga mutanen daji kafin su shiga gonakinsu.

A irin wannan wuri injiniya ba zai zo duba aiki duk wata ba. Jami'in sa ido zai rubuta rahotonsa daga ofis. Ko hukuma ta so ko ta ƙi, wanda zai kwana ya tashi da famfon, da ajin makarantar, da shukar itatuwan, shi ne mutumin garin. Saboda haka ba shi iko a kan aikin ba alfarma ba ce da ake yi masa. Babu wani da zai riƙe aikin in ba shi ba.

Muna da darasi biyu a kusa da mu, ɗaya mai ɗaci, ɗaya mai daɗi, kuma duka biyun ba sai an je Turai an nemo su ba.

Mai ɗacin shi ne Bakolori, kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato. An gama madatsar a 1978, wani kamfanin Italiya ne ya yi aikin. A takarda abin ya yi kyau: noman rani, alkama, shinkafa, aikin yi. Amma an tashi mutane daga garuruwansu, an karɓe gonaki ana baje su shekara da shekaru ba a noma ba, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce waɗanda suka mutu sun kai ɗaruruwa. Su kuma manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda suka dogara da ambaliyar kogi duk shekara, ruwan ya ragu musu, kuma ba wanda ya tambaye su tun farko. An kashe kuɗi masu yawa, an kawo ƙwararru, abu ɗaya aka manta: masu ƙasar.

Mai daɗin kuwa yana tsallaken iyaka, wajen 'yan uwanmu na jini. Kowa ya san Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri gida ɗaya ne, tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da rarrabuwar da ta biyo baya. Iyakar Turawa ce ta ratsa tsakani. Ƙasarmu ɗaya da ta Maraɗi, jigawa iri ɗaya, gero iri ɗaya, iska iri ɗaya. A shekarun 1970 da farkon 1980 an yi ta dasa itatuwa a can da kuɗin agaji, mafi yawansu suna mutuwa. Dokar gandun daji ta wancan lokaci ta mayar da itace mallakar hukuma, har wanda ke cikin gonarka, ma'aikacin daji na iya cin ka tara idan ka sare reshe. Sai manomi ya ga babu amfanin barin tsiro ya girma ya jawo masa fitina, gara ya share shi tun yana ƙarami.

A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke fitowa a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya kare su. Ba gandun reno, ba tankar ban ruwa, wuƙa ko lauje ya isa. Mutanen can suna kiran abin sassaben zamani. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a labarin shi ne wannan: lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka karɓa, amma da abincin ya ƙare da yawa suka koma suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari sai suka fara ganin itacen girki a ƙofar gida, da abincin dabbobi daga 'ya'yan gawo, da yadda gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Hukuma kuma ta sassauta hannu, aka bar manomi ya amfana da itacen da ya rena, ƙauyuka suka kafa kwamitocin da ke hana satar itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ku duba rawar da gwamnati ta taka a nan. Ba ita ta dasa itatuwan ba. Abin da ta yi shi ne ta janye barazana, ta amince cewa abin da mutum ya rena nasa ne. A 1993 kuma Nijar ta fito da dokar karkara wadda ta tanadi kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye, inda mai gari ke zama da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa, ana shata burtali da mashaya, ana rubuta cinikin gona. Ba mu ce komai na tafiya daidai a can ba, su ma suna da nasu rigingimun da nasu 'yan bindigar. Amma akwai wurin zama da doka ta sani, kuma makiyayi yana da kujera a ciki.

Wani zai ce ai mu ma a nan an gwada. Gaskiya ne. Shirin Fadama na Bankin Duniya, musamman kashi na uku da ya game jihohin ƙasar nan duka, an gina shi ne kan ƙungiyoyin masu amfani da fadama, su tsara abin da suke so, su sa nasu kason. Shirin IFAD na raya karkara ya yi aiki a Sakkwato da irin wannan tsari. A 2015 aka kafa hukumar shingen itatuwa ta ƙasa don jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana, Sakkwato na ciki. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowannensu, idan ka karanta takardarsa, za ka ga sunan al'umma a kusan kowane shafi. Akwai kuma kwamitin raya mazaɓa na asibitocin sha-ka-tafi, da kwamitin kula da makaranta. Ashe ba tsari muka rasa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake haifar kwamitin. Sau da yawa wasiƙa ce ke zuwa daga sama cewa a kawo sunaye goma kafin Juma'a. Wanda wasiƙar ta faɗa hannunsa sai ya rubuta ƙaninsa, da surukinsa, da yaron da ke yi masa kamfe, a ƙara sunan mace ɗaya don cika sharaɗi, wani lokaci ita kanta ba ta san an sa ta ba. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin laifin ba na hukuma kaɗai ba ne. Faifan solar nan da aka kwance, ba daga Abuja ɓarawon ya zo ba. Injin ban ruwa da aka raba a yi noman rani, wasunmu sun kai shi kasuwa washegari. Mun iya gayya idan za a yi wa mutum noma ko yaɓen masallaci, mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin fansar wanda aka sace cikin kwana biyu. Amma da zarar an ce abu na gwamnati ne, sai mu ɗauke shi kamar naman da ya faɗo daga bakin shaho. Muna ganin dalilin wannan hali ba ya rasa nasaba da abin da muka faɗa tun farko. Mutum ba ya satar abin da ya zuba guminsa a kai, kuma ba ya barin wani ya sata.

Sai maganar da ta fi wuya a faɗa a yankinmu yanzu, wato maganar Fulani. Zukata sun yi zafi, jini ya zuba, kuma duk wanda ya ce a zauna da makiyaya ana iya yi masa wani kallo. Amma ba kowane mai sanda da saniya ne ɗan bindiga ba. Da yawansu an kwashe musu shanu kamar yadda aka kwashe na kowa, wasu kuma sun rasa 'yan uwa a hannun 'yan sa-kai ba tare da laifi ba. Idan aka gina madatsar ruwa ko aka killace fili don shuka itatuwa a kan burtali, ba a tambayi arɗo ba, an dasa sabuwar rigima da kuɗin da aka ce na zaman lafiya ne. Haka nan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suka cika garin Sabon Birni da Isa, su ma suna shan ruwan, 'ya'yansu na cika ajin, amma ba wanda ke ƙirga su idan ana rubuta sunayen kwamiti, saboda ana ganin baƙi ne.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Idan mun ce a ba jama'a iko, ba muna nufin gwamnati ta sauke nauyinta a kan talaka ta tafi ba. Tsaro aikinta ne, ba na kwamitin famfo ba. Jihar ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2024, sojoji ma suna nasu ƙoƙari, amma har yanzu akwai hanyoyin da ba a bi bayan la'asar. Kuma akwai haɗari na gaske ga duk wanda aka san yana riƙe da kuɗin jama'a a ƙauye, domin masu kai rahoto daji ba su ƙare ba. Don haka ajiyar kuɗin gyara a aljihun mutum ɗaya jefa shi cikin bala'i ne. Gara asusun da sai mutum uku sun yarda a taɓa shi, gara a sayi kayan gyaran a ajiye maimakon tsabar kuɗi. Irin wannan dabara mutanen gari sun fi kowane ƙwararre saninta, in da za a tambaye su.

Abin da muke nema a wajen hukumomi bai kai tsadar rumfa da kujerun ranar buɗewa ba. Kafin a haƙa rami a tara gari bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa, a tambaye su abin da ya fi damunsu, mata kuma a same su a cikin gida ta hannun mata 'yan uwansu, tunda ba za su yi magana a dandali ba. A rubuta kuɗin aikin da Hausa a jikin allo, da boko da ajami, ba Turanci kaɗai ba. A zaɓi yara biyu ko uku a koya musu gyara tun ana aikin, ai muna da matasa masu difloma a fannin lantarki da ke zaune a tasha suna cajin waya. A miƙa makulli a gaban jama'a. Ƙaramar hukuma kuma, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ta kuɗinta kai tsaye, ita ce ta fi cancanta ta riƙe rajistar duk famfo da aji da asibitin da ke ƙasarta, ta san wanne ke aiki wanne ya mutu. Ko hukuncin ya fara aiki yadda ya kamata, wannan wata magana ce ta wani makon.

To mu marubuta fa, ina namu? Ƙasar nan ta san darajar magana. A fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu ne Narambaɗa ya yi waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Mun gaji iya yabo, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai yabon ya yi mana yawa a wannan fanni. Ranar buɗe aiki za ka ga rubutu goma a Facebook, kowa da hoton mai girma yana yanka ƙyalle. Bayan wata shida ba ko ɗaya. Labarin gaskiya kuwa a wata na shida yake farawa, lokacin da baƙi suka tafi aka bar gari da abinsa. Mai neman abin rubutawa, ko gajeren labari ne ko maƙala ko wasan kwaikwayo, ga shi nan a ƙofar gidansa: tsohuwar da ta yi guɗa ranar buɗewa kuma ta koma ɗaukar tulu, yaron da ya san zai iya gyara akwatin amma yana tsoron a ce ya fasa kayan gwamnati, hakimin da ke jin kunyar komawa ofis da ƙorafi bayan ya yi godiya a gaban kyamara. Haka kuma inda aka yi daidai, inda wani gari ya riƙe famfonsa shekara biyar da karo-karon naira hamsin hamsin, shi ma a rubuta, a faɗi yadda suka yi, don na kusa da su ya ɗauka.

Sai dai a yi hattara. Rubutu kan yankinmu ba kamar rubutu kan unguwar cikin birni ba ne. Kada ka sa sunan ƙauye da sunan ma'ajin kwamiti a fili don neman yabo a ƙarƙashin rubutunka, ka kwana lafiya a Sakkwato shi kuma ya kwana da fargaba. Kada ka zargi mutum da cin kuɗi ba ka ga takarda ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka faɗi abin da aka gaya maka a matsayin abin da aka gaya maka, kuma ka nemi jin ta bakin hukumar kafin ka saki.

Shawarar da muka kawo wa 'yan wannan zaure ita ce, kowa ya zaɓi aiki ɗaya tak a garinsu wanda aka buɗe shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Ya je ya gani, ko ya kira wanda ya amince da shi idan hanya ba ta biyuwa. Ya tambayi wa ya nemi a yi aikin, nawa aka ce an kashe, wa ake kira idan ya lalace, makullin yana hannun wa. Ya rubuta shafi ɗaya ya kawo nan mu karanta tare, mu gyara wa juna Hausa da tsari kamar yadda muka saba. Idan sun taru, sai mu ga ko za a haɗa su a kai wa shugabannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa.

Mu namu za mu fara da famfon ƙauyen danginmu. Mun riga mun aika a kwafo mana duk abin da ke rubuce a jikin allon, domin an ce tsatsa ta fara cin layin ƙasa, inda sunan ɗan kwangilar yake.